Kaluluwar Inna Laure

Tun ina 'yar shekara shida aka ɗora mini aikin da ban nema ba, wato kai saƙo tsakanin mutum biyu da ke tsakar gida ɗaya. Ɗaya uwata ce, Inna Laure. Ɗayan yayana ne Abdussamadu, ɗanta na fari.

Wanda bai san kunyar ɗan fari ba zai ɗauka gaba suke yi. Ba gaba ba ce. A gidajenmu na Argungu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Matan yanzu sun sassauta, har hoto suke ɗauka rungume da nasu. Inna kuwa ta riƙe abin tamkar farilla. Ana yaye Yaya aka miƙa shi ga Gwaggo Khadijatu, yayar mahaifinmu, a can unguwarsu ya girma. Tun daga nan sunansa a bakin Inna ya koma "ɗan Khadijatu". In ya zo gaisuwa sai ya durƙusa a bakin ƙofa, ita kuma ta juya wajen tukunya ta ce da ni, "Ki ce mai an gode." Ni kuma in juya in ce, "Yaya, an ce an gode," alhali kunnensa garau yake, kuma taku uku ne tsakaninsu. Na taɓa ce mata na gaji, su nemi wani ɗan aiken. Da marar tuwo ta jefe ni.

Gumin shinkafa shi ne sana'arta. Manoman fadama su kawo mata shinkafa da ɓawonta, ta wanke, ta jiƙa ta kwana, ta turara a rabin ganga, ta shanya a kan tamfol, sannan a kai inji. Ba ta buɗe gangar don ta duba ko ta yi, da hanci take ganewa. Mahaifinmu Malam Hodi masunci ne, ya rasu ina aji uku, kuma da wannan baƙar gangar Inna ta riƙe mu mu huɗu da muka rage a hannunta. Gajeruwa ce, muryarta ta fi ta girma. Inna ba ta yin ciwo, sai dai "jiki ya yi nauyi". Ciwo ɗaya kawai na san tana tsoro, ko sunansa ba ta son ji: ciwon dajin da ya ɗauke yayarta Ummi. Wata bakwai Inna ta yi tana jinyarta, ita take wanke ta, ita take juya ta. Kuma da ɗan ƙullutu a ƙarƙashin hammata abin ya fara.

Mutum ɗaya ce a duniya take iya yi wa Inna tsiya ta kwana lafiya, Mama Iyabo, Bayarabiyar da ke sayar da yadi a Birnin Kebbi, gidanta a unguwar Nassarawa. A da duk ranar kasuwa takan zo Argungu ta ajiye kayanta a ɗakin Inna, har abin ya zama zumunci. In tana son tsokana sai ta shigo tana kiran, "Ina uwar Abdussamadu?" Inna ta shige ɗaki da gudu tana toshe kunne, Mama Iyabo ta riƙe ciki tana dariya.

Yaya malamin asibiti ne a wani ƙaramin asibiti da ke gefen gari. Shekara da shekaru ya yi yana bin gidaje da akwatin ƙanƙara yana ɗiga wa yara maganin shan inna, ana rufe masa ƙofa, yana komawa, har mutane suka saba da shi suka soma buɗewa. Sai ga allurar korona a ƙarshen daminar 2021. Maganganu suka cika gari: wai wanda aka yi wa ba zai shekara biyu ba, wai tana hana haihuwa, wai kaza wai kaza. Kwana uku Yaya da abokiyar aikinsa Nazifa suna zaune a ƙarƙashin bedi, wato darbejiya, da teburinsu, waɗanda suka zo ba su kai goma ba.

Ina gida a lokacin, ana hutun makaranta, don a Birnin Kebbi nake koyarwa, a unguwar Badariya nake zaune. Ranar nan muna wajen shanya sai wata maƙwabciya ta ce, ai ɗan Khadijatu so yake ya ƙarar da unguwa. Na ɗago zan yi magana, Inna ta harare ni. Ta ci gaba da baza shinkafarta.

Washegari ta yi wanka ta ɗauki mayafin da take zuwa suna da shi. Akwai gajeriyar hanya zuwa asibitin ta bayan gidanmu, amma Inna ta bi ta tsakiyar unguwa, tana tsayawa a kowace ƙofa tana gaisuwar da ba a tambaye ta ba. "Asibiti za ni," in ji ta, da muryar nan tata, "allurar ga ta korona za a yi min." Ina biye da ita ina jin kunya. Ban taɓa ganin ta nuna wa Yaya so ƙarara haka ba, kuma ko sunansa ba ta ambata ba.

Da Yaya ya hango mu ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi. Nazifa ce ta yi mata allurar a damtsen hagu. Shi kuma ya tsaya gefe, idonsa a ƙasa, yana yi mini bayani don in isar. Hannun zai yi tsami. Mai yiwuwa a yi masassara kwana ɗaya ko biyu, a sha farasitamol, a sha ruwa da yawa, a huta. Ya buɗe baki zai ƙara wani abu, ya dubi gefen da Inna take, ya rufe. "Shi ke nan," in ji shi. Na juya na maimaita mata duka. Ta ce, "Ki ce mai an ji."

Masassarar ta zo kuwa, da ƙarfinta. Da safe na taɓa goshinta na ji zafi rau, hannun ko ɗaga shi ba ta iya yi. Na ce ta kwanta. Ta ce in kwanta ni. Kafin hantsi matan unguwa sun fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowacce da 'yar hujjarta, wannan aron rariya, waccan ɗiban wuta, amma idonsu a kan Inna yake.

"Laure, an tashi lahiya? Ƙaƙa jiki?"

"Wane jiki? Wa yac ce muku ban da lahiya?"

Ta sunkuya ta ɗauki masaki cike da jiƙaƙƙiyar shinkafa ta juye a ganga, tana ba su labari tana dariya. Suna fita ta jingina da bango, zufa tana keto mata. Haushi ya kama ni, na ce wannan ai wahalar da kai ce. Ta ce in zuba mata ruwa in yi shiru. A rana ta uku zazzaɓin ya sauka, ta ci tuwo har da ƙari, ni kuma na koma Birnin Kebbi hankalina kwance.

Bayan kwana biyar ina tsaye a gaban allo sai ga Mama Iyabo a ƙofar aji, ko gaisuwa babu. Ta jawo ni waje.

"Asiya, innarki ta kira ni. Alawayyo taka so, hwari sol, kuma wai kar in hwaɗa ma kowa. Shekara talatin ina yankan yadi, na san abin da aka yi da wannan awon. Ɗauko mayahinki."

Likkafani ke nan. Ban san yadda muka isa tasha ba, ban kuma tuna komai na hanyar Argungu ba, sai dai Mama Iyabo da ta riƙa yi wa direba faɗa wai tafiyarsa ta yi sanyi.

Abin da na fara gani a tsakar gida shi ne murhu babu ganga. Gangar da ko aronta ba a bayarwa. Ƙanwar maƙwabciyarmu ta ce ai Inna ta ba yayarta kyauta shekaranjiya, kuma tun jiya take bin gidaje tana neman gafara tana yafe wa kowa, har gidan matar da suka yi shekara tara ba sa ga maciji saboda akuya. Muka same ta a ɗaki tana ninke zannuwa, ta kasa su kashi huɗu.

Da farko ta ce ba komai, gyara take yi. Mama Iyabo ta zauna a bakin gado ta ce ita fa ba inda za ta, ta rufe shago. Can Inna ta kama hannuna ta kai ƙarƙashin hammatarta ta hagu. Na ji shi, ɗan ƙullutu kamar ƙwallon dabino.

"Abin Ummi na," in ji ta. "Wuri guda, hannu guda. Randa kit tahi na ji shi."

Na fashe da kuka. Ta daka mini tsawa.

"Ke, rufa min baki! Ba mutuwa nika tsoro ba, kowa da ranatai. Amma in na hwaɗi yanzu, mi za a ce? Za a ce ɗan Khadijatu ya kashe tsohuwa da allura. Babu gidan da za a ƙara buɗe mai. Dut wahalar da yas sha ta tahi banza." Ta juya ga ƙawarta. "Ke Iyabo, ke ta shaida. Tun bara abin ga yake. In an tambaye ki, hakanan za ki ce."

"Ni?" in ji Mama Iyabo. "Ban yin ƙarya bisa gawa, balle bisa mai rai da ke zaune tana harara ta. Kin haihi malamin asibiti, kin zauna kina auna ma kanki likkahwani. Laure, ban taɓa ganin mai wayo da wauta irinki ba."

Inna ta ce in na kira Yaya ba ta yafe mini ba. Na ce ai jiya ta gama yafe wa duk unguwa, ni ma ina ciki. Na fita na kira shi.

Ana idar da la'asar ya iso a kan mashin, Nazifa a baya. Ya durƙusa a bakin ƙofa inda ya saba, labule tsakaninsu, ni kuma na tsaya a kan dokin ƙofa, rabi ciki rabi waje. Nazifa ta shiga ta duba ta a tsanake, hammata da ƙirji duka biyu. Ta fito ta ce a gefen allurar yake, yana motsi in an taɓa, yana da zafi, kuma ba ta ji komai a maman ba. Yaya ya daɗe kansa a sunkuye. Da ya ɗago idonsa ya yi ja.

"Laihina na," in ji shi. "Kowa ina hwaɗa mai kaluluwa na iya tashi ga hammata. Ran nan na zo wurin, na kasa. Ƙaƙa zan ce hammata gaban... gaban mutanen ɗaki?"

Wallahi a lokacin da zan iya da na haɗa kawunansu na gwara. Ita ta kasa gaya masa, shi ya kasa gaya mata, ni da aka ajiye don kai saƙo ba wanda ya ba ni saƙon da ya fi kowanne muhimmanci.

"Asiya, ki ce allurar ga babu cuta cikinta," ya ci gaba. "Saƙo taka kai ma jiki, ta gwada mai kamannin cutar don ya san ta. Randa ta gaske taz zo, sai ya gane ta tun bakin ƙohwa. Saƙon kwana kaɗan yaka yi ya watse. Masassara da tsamin hannu, jiki na ke aikin koyo. Kaluluwa kuwa nan masu tsaron jiki ka taruwa, wurin da yaf fi kusa da inda anka yi allura. In sun gama, ta saɓe."

Na juya na fara maimaitawa. Inna ta katse ni daga ciki.

"Ki ce mai Ummi ma kaluluwa anka ce da farko."

Gaskiya ta faɗa, kuma duk mun sani. Yaya bai yi gardama ba. Ya ce shi ya sa ba za a yi wasa da shi ba. Nazifa za ta riƙa zuwa tana dubawa, kuma ko ya saɓe ko bai saɓe ba sai an kai ta Birnin Kebbi an ɗauki hoto, saboda abin da ya sami Ummi. Amma na Ummi tauri gare shi, ba ya motsi, ba ya zafi, kuma ba allura ce ta gabace shi ba. Na leƙa ciki, ta ci gaba da ninke zannuwanta. Na san ba ta yarda ba.

Sai ya gyara durƙuso, ya daina kallona, ya dubi labulen.

"Ina ɗan shekara bakwai ƙayar kihi ta soke ni ga ƙahwa. Wurin ya ruɓe, kaluluwa ta tashi min ga matsematsi, ina ta masassara. Gwaggo ta aika a kira wanzami ya tsaga. Sai wata mata ta shigo da rana tsaka, ta ce aron turmi taz zo. Ta duƙa ta taɓa wurin da hannunta. Tac ce ma Gwaggo, kar a tsaga, ba ciwo ba na, jiki na ke hwaɗa da dahin ƙaya, a gyara ƙahwa ita za ta saɓe da kanta. Ta tahi ba ta ɗauki turmin ba. Kwana shidda ta saɓe." Ya juyo gare ni. "Wurin matar ga na fara koyon aikin ga. Asiya, ki ce ko ta tuna."

Wannan karon ban maimaita ba. Mama Iyabo tana share ido da gefen ɗankwali tana tsaki, wai hayaƙi ne, alhali ko wuta ba a hura ba a gidan. Sai muryar Inna ta fito, ƙasa ƙasa, irin wadda ban san tana da ita ba.

"Ki ce mai turmin Khadijatu dama ya tsage."

Daga ranar ta bar ninke zannuwa. Ba wai ta saki jiki ba ne gaba ɗaya. Kullum da safe sai ta taɓa wurin, ta kira ni a waya ta ba ni rahoto kamar ni ce likitan: yau kamar gyaɗa, yau kamar wake. Cikin sati na uku ta neme shi ta rasa. Muka kai ta Birnin Kebbi aka ɗauki hoton, tana mita tun daga mota har mota, aka ce ba a ga komai ba. Ranar na yi kukan da ta hana ni yi a ɗakinta, a gaban mutane, ban ji kunya ba.

Aiki ya rage na karɓo ganga. Inna ta ce ba za ta iya zuwa ta ce a mayar mata da kyauta ba. Mama Iyabo ce ta je, ta ce wa maƙwabciyar mai mutuwar ta fasa, ta sa aka ɗauko. Matar akuya kuwa ta ce ita yafiyarta ta riga ta fita, ba ta janye ta, yanzu kusan kullum suna tare a wajen shanya. A nan ne labarin ya bazu, don Inna da kanta take ba da shi, har tana ɗaga hannu tana nuna wurin.

Ranar allura ta biyu na zo daga Birnin Kebbi tare da Mama Iyabo. Maimakon alawayyo ta kawo mata atamfa ɗinkakkiya, ja da ruwan ɗorawa, wadda ake hangowa daga ƙarshen layi. Inna ta ce wannan ai ta 'yan mata ce, ta kuma sa. Wannan karon ba mu kaɗai muka tafi ba. Mata bakwai suka biyo mu, har da wadda ta ce Yaya zai ƙarar da unguwa, wai rakiya suka zo, amma kowacce ta zo da hannun riga mai faɗi.

Inna ta zauna a kan benci a ƙarƙashin bedin. Nazifa ta zuƙo maganin ta matso. Inna ta ɗaga mata hannu.

"Dakata ɗiyata. Asiya, ki ce ma ɗan Khadijatu ya hwaɗi komi da komi, kar ya rage ko guda."

Yaya ya tsaya a gaban matan nan ya jero su: tsamin hannu, ciwon kai, kasala, masassarar da mai yiwuwa ta fi ta farko ƙarfi, da abin da in an gani sai a zo asibiti ba tare da jira ba. Da ya zo kan kaluluwa ya rufe ido ya ce "hammata" da ƙarfi, kamar mai haɗiye maɗaci. Matan suka kwashe da dariya, Mama Iyabo har da tafi.

"To," in ji Inna, tana naɗe hannun atamfar. "Ki ce mai ya yi da kainai."

Dariyar ta tsaya. Nazifa ta miƙa masa sirinjin. Ya karɓa. Ya durƙusa a gefenta, ya kama damtsen nan da ya shekara arba'in yana ɗaga masaki, ya goge, ya soka, ya zare, ya danna auduga. Inna tana kallon gindin bedi, ko gezau ba ta yi ba.

A ƙa'ida a nan ake ce wa mutum ya riƙe audugar da kansa. Inna ta kai hannunta na dama, amma ba audugar ta riƙe ba. Yatsunsa ta dafe a kai, ta danne. Bai janye ba. Na matso kusa na sunkuya kamar yadda na saba, ina jiran a ce in ce masa wani abu.

Na daɗe a sunkuye. Ba wanda ya ba ni saƙo.